Ku Tambayi Likita: Sa'ad da Maganin Jini Ya Juya Wa Majinyaci

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga cikin garin Jos da Bukuru suka zo, kuma sun taru a kan masu jinin da ba ya tsayawa idan an ji rauni, da masu jinin da ke daskarewa a cikin jijiya ba gaira ba dalili, da wahalar da magani kansa ke jefa su ciki. Likitocin jini da masana magunguna masu kula da wannan fili ne suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya. Adadin maganin da muka ambata don a gane yadda ake lissafi ne. Likitan da ke riƙe da katin majinyaci shi ke yanke nawa za a ba shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 4. Ranar da aka yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa sai da aka yi masa ƙarin jini, daga nan aka ce yana da hemofiliya, cutar rashin tsayawar jini. Makon jiya gwiwarsa ta kumbura, ga zazzaɓi, sai na kai shi wani kemis a unguwa aka yi masa allura biyu a ɗuwawu, ta ciwo da ta maleriya. Washegari wurin ya yi suntum, ko zama ya kasa. Me ya jawo haka? — Wata uwa daga Gangare

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah ya ba shi lafiya. Idan har yanzu yana gida, a kai shi asibiti yau, sashen likitocin jini na asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ko wani babban asibiti, domin fakto, wato sinadarin daskarewar jini, yake buƙata ta jijiya.

Abu biyu suka haɗu masa, kowanne shi kaɗai ya isa. Na farko ita kanta allurar. Tsininta idan ya ratsa tsoka yana yanka ƙananan hanyoyin jini. Ga mai lafiya cikin mintuna wurin ya toshe, ga mai hemofiliya kuwa jinin zai yi ta tsiyaya cikin nama. Ɗuwawu da cinya suna shanye jini mai yawa kafin a ankara, har yaro ya yi fari fat, kuma tarin jinin kan danne jijiyar da ke motsa ƙafa. Mai hemofiliya ba a yi masa allurar tsoka. Maganin maleriya a ba shi ta baki, irin su Coartem. Idan tana da tsanani ko yana amai, a ba shi atesunet ta jijiya a asibiti. Rigakafi ba a fasa masa: ana yi ƙarƙashin fata da siririyar allura, a danne wurin minti 10 ba murzawa.

Na biyu maganin ciwon, wanda a kemis galibi dikulofenak ne. Jini yana da ma'aikata iri biyu wajen toshe rauni. Akwai ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet, su ke fara isa su liƙe bakin raunin, sannan sinadaran daskarewa, wato fakto, su zo su ɗaure toshiyar ta yi ƙwari. Ɗanki fakto ya rasa, filatilet ɗinsa ne ke rufa masa asiri. Asfirin, ibufurofen, dikulofenak da firoksikam duk suna kashe wa filatilet kaifi, sannan suna cin bangon ciki. Asfirin ya fi ɓarna, domin ƙwaya ɗaya tasirinta yana kai kwana 7 zuwa 10. A jikin kwali za ki ga Brufen, Cataflam, Felvin ko Ponstan. Garin Alabukun ma asfirin ne da kafeyin. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda kuwa kada ya shiga bakinsa, da wuya a rasa ɗaya daga cikinsu a ciki.

Farasitamol shi ne nasa: miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Yaro mai kilo 16 miligiram 240 ke nan, wato mililita 10 na ruwan da ke da miligiram 120 a kowane mililita 5. Gaɓa idan ta kumbura, ya hutar da ita, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da man zafi da tausa, ban da mai ɗori, ban da tsaga ko ƙaho. Wanzami kada ya cire masa beli. Ki nemi likita ya rubuta miki kati mai ɗauke da nau'in cutar, A ce ko B, ki riƙa nuna shi kafin kowa ya taɓa shi.

Tambaya: Ɗana yana da hemofiliya A mai tsanani, shekararsa 2 da rabi. An yi masa allurar fakto 8 wajen sau 15. Da can kwalba ɗaya ta isa, kafin gari ya waye kumburi ya saɓe. Yanzu ko biyu aka yi masa kamar an zuba ruwa. Ko jabu aka fara kawowa? — Wani uba daga Bukuru

Amsa: Malam, a fara da abu mai sauƙi. A duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalbar da yadda aka ajiye ta. Fakto yana son sanyin firiji, digiri 2 zuwa 8, ba firiza ba; wanda ya daskare ya zama ƙanƙara ba a amfani da shi. Wasu nau'o'in suna jure zaman ɗaki na wasu watanni, takardar cikin kwali ce ke faɗin iyakar zafi da tsawon lokaci, kuma da zarar an fitar da shi don zaman ɗaki ba a mayar da shi firiji. Sai a sake auna yaron, domin yara suna girma su bar lissafin bara a baya. Yunit 1 na fakto 8 ga kowane kilo yana ɗaga shi a jini da kusan kashi 2 cikin 100. Idan ana son a kai kashi 50 ga yaro mai kilo 20, yunit 500 ke nan. Rabinsa kuma yana ƙarewa cikin awa 8 zuwa 12, shi ya sa babban zubar jini ke buƙatar maimaici.

Idan duk wannan daidai yake, abin da ka kwatanta ya fi kama da abin da ake kira inhibita, kuma mun fi jin tsoronsa a kan jabu. Jikin yaron bai taɓa ƙera fakto 8 ba, don haka da aka zuba masa sai garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo, ta ƙera makamin da ke kashe shi tun bai fara aiki ba. Kusan kashi 30 cikin 100 na masu hemofiliya A mai tsanani suna gamuwa da wannan, mafi yawansu cikin ranaku 50 na farko da aka yi musu allurar, musamman 20 na farko. Ɗanka yana tsakiyar wannan zango. Ba laifinka ba ne, ba kuma na wanda ya yi allurar ba. Wanda ke da ɗan'uwa mai inhibita ya fi kusa da samunsa.

Tabbatarwa da gwaji ne. Ana ɗibar jini kafin allura da minti 15 zuwa 30 bayanta a ga ko fakton ya hau yadda aka lissafa, sannan a yi gwajin Bethesda, mai auna ƙarfin inhibita. Idan sakamako bai kai yunit 5 ba, ƙara yawan fakto 8 kan iya rinjayarsa, wani ma yakan ɓace da kansa. Daga 5 zuwa sama, ƙarin kwalabe asara ce kawai. Nan ake komawa magungunan da ke zagaye gurbin fakto 8, wato NovoSeven, maikirogiram 90 ga kowane kilo duk awa 2 zuwa 3, ko FEIBA. Akwai kuma hanyar sabar wa jiki, a yi ta ba shi fakto a kai a kai tsawon watanni har garkuwa ta saduda, tana yin nasara ga wajen kashi 70, sai dai tana cin kwalabe masu ɗimbin yawa.

Tun 2017 aka samu Hemlibra, allurar ƙarƙashin fata da ke yin aikin fakto 8 ba tare da inhibita ya gane ta ba. Ana farawa da miligiram 3 ga kowane kilo mako-mako har mako 4, sannan a rage. Rigakafin zubar jini ce, ba ta tsayar da wanda ya riga ya ɓalle. Kuma a nan akwai tarkon da muke so kowane uba ya haddace: wanda ke kan Hemlibra idan aka ba shi FEIBA fiye da yunit 100 ga kowane kilo a yini, har tsawon awa 24 ko fiye, jini kan daskare a ƙananan jijiyoyi, filatilet su faɗi, ƙoda ta taɓu. NovoSeven ake fifita masa. Haɗarin yana nan har wata 6 bayan allurar ƙarshe. Sannan Hemlibra tana ruɗar gwajin daskarewa na aPTT, ya fito lafiya lau alhali yaron na zubar da jini, don haka a gaya wa ɗakin gwaji.

Masu hemofiliya B inhibita bai cika kama su ba, amma idan ya zo yakan zo da borin jini mai toshe numfashi, shi ya sa allura 10 zuwa 20 na farko a asibiti ake yin su. Ka yi rajistar yaron da Gidauniyar Hemofiliya ta Nijeriya. Ta hannunta ne tallafin fakto na Tarayyar Hemofiliya ta Duniya ke isowa asibitoci. Ka kuma ware littafi kana rubuta ranar kowace allura, sunan maganin da yawansa.

Tambaya: 'Yata shekararta 16, al'adarta kan yi kwana 10 da gudaji, ga haɓo duk lokacin hunturu. An ce cutar von Willebrand ce, ita ma ta rashin tsayawar jini. Za a cire mata haƙori, an ambaci wata allura da kuma wasu ƙwayoyi. Akwai abin da zan kiyaye? — Wata Hajiya daga Unguwar Rogo

Amsa: Akwai, Hajiya. Allurar ita ce desmofuresin. Ba ta kawo sabon sinadari, wanda jiki ya ajiye a bangon jijiyoyi take sa ya saki, sai ya ninka sau 3 zuwa 5 na wasu awoyi. Ana ba da maikirogiram 0.3 ga kowane kilo, ƙarƙashin fata ko ta jijiya a hankali cikin minti 20 zuwa 30. Ya kamata a gwada ta a jikin yarinyar tun kafin ranar aiki, domin ba kowa take yi wa ba, kuma a nau'in 2B tana faɗar da filatilet.

Illarta ita ce tana hana ƙoda sakin ruwa. Idan yarinya ta ci gaba da kwankwaɗar ruwa, shayi da kunu kamar kullum, ko aka rataya mata ƙarin ruwa leda bayan leda, gishirin jininta zai sirke. Ciwon kai ne zai fara, sai tashin zuciya, sai ruɗewa, sai jijjiga. Awa 24 bayan allurar ta sha iya kashe ƙishi kawai, gwargwadon da likita ya ƙayyade, ga babba bai cika wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ba a jera ta fiye da kwana 3, domin ma'ajiyar tana ƙarewa, haɗarin kuma yana ƙaruwa. Ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a ba mai ciwon zuciya. Wadda ake fesa wa masu fitsarin kwance a hanci ƙarfinta bai kai na wannan aiki ba.

Ƙwayoyin kuma taraneksamik ne, suna hana gudan da ya toshe rauni saurin narkewa. Don al'ada, babba yana shan giram 1 sau 3 a yini na kwana 4 ko 5. Bayan cire haƙori ana iya daka ƙwayar a jiƙa da ruwa kaɗan, ta guntsa minti 2, sau 4 a yini har mako guda. Ki lura da kyau a kemis: sunansa yana kama da mefenamik, wato Ponstan, wanda ake ba mata don ciwon mara, shi kuwa dangin ibufurofen ne, ƙara mata zubar zai yi. Idan kuma jini ya fito a fitsari, a dakatar da taraneksamik. Gudan da zai taru a ƙoda ba zai narke ba, sai ya toshe bututun da ke kai fitsari mafitsara, da ciwon kwiɓi mai tsanani. A duba mata yawan jini, da wuya ba ta buƙatar maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe.

Tambaya: Shekara 2 ina shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, saboda jini ya daskare min a ƙafa har sau biyu, likita ya ce na gado ne. Kwanan nan na yi gudawa na sayi Flagyl da Septrin na sha kwana 5. Yanzu dasashina na jini, fitsarina ya yi ja. Wani ya ce zogalen da nake ci ne. — Wani magidanci daga Rikkos

Amsa: Malam, kada ka sha na yau, ka tafi asibiti a auna maka INR yanzu, wato gwajin da ke nuna yadda wafarin ya jinkirta daskarewar jini. Zogale ba shi da hannu a nan. Shi aikinsa ma akasin haka ne.

Hanta ce ke narkar da wafarin ta fitar da shi. Flagyl da Septrin kowannensu yana toshe hanyar da take bi, sai maganin ya taru a jini kamar ka ninka ƙwayoyin, ga gudawa da rashin cin abinci sun rage maka bitamin K. INR da ake so ga irinka 2 zuwa 3 ne, haɗin nan yana iya kai shi 8 ko 10 cikin 'yan kwanaki. Idan ya hau sosai ba tare da zubar jini ba, ana tsallake shan magani kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da bitamin K miligiram 1 zuwa 5 ta baki. Mai babban zubar jini kuwa ana ba shi miligiram 5 zuwa 10 ta jijiya a hankali, tare da ruwan jini na falasma ko tataccen sinadarin daskarewa, domin bitamin K yana ɗaukar awoyi kafin ya kama aiki. Baƙin bahaya kamar kwalta, aman jini, ciwon kai mai tsanani, ko buguwa a kai ko da ba rauni a waje, waɗannan ba sa jiran wayewar gari.

Sauran masu ɗaga shi sun haɗa da fulukonazol na ƙaiƙayin gaba, man baki na Daktarin, sifurofuloksasin, eritoromaisin da amiyodaron na bugun zuciya. Ko farasitamol, idan aka jera kwanaki ana shan fiye da giram 2 a yini, yana ɗaga INR. Man zafi mai salisilet ma yana ratsa fata. Akwai kuma masu kashe masa ƙarfi, babbansu rifamfisin na tarin fuka, sai kabamazefin da finobabiton na farfaɗiya. Mai shan rifamfisin kan buƙaci ninkin wafarin ɗinsa ko fiye, kuma haɗarin yana dawowa ranar da ya gama maganin tarin: cikin makonni hanta ta koma daidai, shi kuma yana kan babban adadi. Ƙa'idar ita ce duk sabon maganin da aka fara ko aka daina, a auna INR bayan kwana 3 zuwa 5.

Ganye irin su zogale, alayyafo, rama, kabeji da latas suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin wafarin. Ba mu hana ka ci ba, kuma ba ma son ka daina. Abin da ke rikita lissafi shi ne mako guda ba ganye, mako na gaba kwaɗon zogale safe da yamma. Ka ci yadda ka saba, a daidaita maganin a kan haka. Garin zogale da ake sha cokali-cokali a matsayin magani, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ka bar su. Ƙaho ma haka. Ƙwayar kuma lambar jikinta za ka karanta, 1 ce ko 3 ko 5, domin launi yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Tambaya: Mai shan wafarin zai iya azumi? Idan na manta ban sha ba fa? — Wani dattijo daga Dilimi

Amsa: Baba, sau ɗaya ake shansa a yini, don haka kuna iya mayar da shi bayan buɗa baki, lokaci guda kullum. Cimar watan azumi daban take, sai a auna INR kafin a kama da kuma cikin mako na farko ko na biyu. Idan kun manta kuka tuna a daren, ku sha. Idan gari ya waye, ku bar shi ya wuce, kada ku haɗa biyu.

Tambaya: Na yi ɓari sau 3, sannan jini ya daskare min a cinya. Gwaji ya nuna cutar antifosfolifid, mai sa jini daskarewa a jijiya, aka ɗora ni a kan wafarin. Zuwa gwajin INR ya gajiyar da ni, ƙawata ta ce in koma Xarelto da ba ya buƙatar gwaji. Kuma ina son haihuwa. — Wata matar aure daga Tudun Wada

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki masu albarka. Xarelto magani ne mai kyau ga yawancin masu gudan jini a ƙafa, amma cutarki tana cikin 'yan wuraren da wafarin ya fi shi. A wani bincike da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2018, an raba mutum 120 masu wannan cuta waɗanda gwaje-gwajenta uku duk suka nuna kashi biyu, wasu Xarelto wasu wafarin. Cikin 59 da suka sha Xarelto, 7 sun samu shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Cikin masu wafarin babu ko ɗaya. Dole aka tsayar da binciken tun wa'adinsa bai cika ba. Ki tambayi likitanki guda nawa ne suka nuna a naki, kuma ko an maimaita gwajin bayan mako 12, domin da haka ake tabbatar da cutar. Kada ki canza da kanki.

Batun ciki ki kai shi gaban likitan mata da na jini tun kafin ya shiga. Wafarin yana ratsa mahaifa, kuma tsakanin mako na 6 da na 12 yana lalata ƙashin hanci da gaɓoɓin ɗan tayi, daga baya kuma ya sa shi zubar jini. Xarelto ma ba a sha da ciki ko shayarwa. Ki ajiye abin gwajin ciki a gida. Ranar da al'ada ta makara ki gwada, idan ya nuna a mayar da ke allurar Clexane ƙarƙashin fata a ranar ko washegari, tare da ƙaramin asfirin, miligiram 75. Asfirin ɗin da muka hana mai hemofiliya, ke magani ne a gare ki, amma da rubutun likita. Bayan haihuwa ana komawa wafarin, ba ya cutar da jariri ta nono. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin ba taki ba ce.

Tambaya: An fara ba matata wafarin miligiram 10, aka sallame mu ba wata allura. A rana ta 4 cinyarta ta yi ja da zafi, yanzu wurin ya fara baƙi. — Wani miji daga Nasarawa Gwom

Amsa: Malam, ka ɗauke ta zuwa asibiti yanzu, kada ta ƙara shan ko ƙwaya ɗaya. Wannan ya yi kama da mutuwar fata da wafarin ke haddasawa. Ba ta cika faruwa ba, amma tana da lokacinta, rana ta 3 zuwa ta 10, da wurarenta, inda kitse yake: nono, cinya, ɗuwawu, ciki.

Wafarin yana rage sinadaran daskarewa, yana kuma rage wani mai tsaron jijiya da ake kira furotin C. Shi furotin C rabinsa yana ƙarewa cikin awa 8 ko ƙasa da haka, alhali wasu sinadaran daskarewar sai sun yi kwana 2 zuwa 3. Ke nan a kwanakin farko mai tsaro ya tafi, masu daskarewa suna nan, sai ƙananan jijiyoyin fata su toshe. Wanda aka haifa da ƙarancin furotin C ya fi kowa shiga haɗari, babban adadin farko kuma yana ƙara shi. Shi ya sa mai sabon gudan jini ba a fara masa wafarin shi kaɗai. Ana haɗa shi da allurar hana daskarewar jini, hefarin ko Clexane, aƙalla kwana 5, har INR ya kai 2 kwana biyu a jere. A asibiti za a ba ta bitamin K, a sa mata hefarin bayan an duba filatilet, wataƙila da falasma, likitan fiɗa kuma ya ga wurin. Gwajin furotin C sai daga baya, yanzu wafarin zai ɓata sakamakon. Idan ya tabbata, 'yan'uwanta na jini su sani.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Muna da majinyaciya da ke kan hefarin bayan fiɗa. Filatilet ɗinta 280 ne da farko, rana ta 7 suka koma 110, ga ɗayar ƙafar ta kumbura. Wasu sun ce a ƙara hefarin, wasu sun ce a yi mata ƙarin filatilet. — Wata nas daga Jos

Amsa: Sista, mun gode da kika ƙirga kwanakin, domin a nan amsar take. Faɗuwar fiye da rabi, tsakanin rana ta 5 da ta 10 da fara hefarin, tare da sabon gudan jini, ki ɗauke shi ƙarancin filatilet da hefarin ke jawowa har sai an tabbatar ba shi ba ne. A duba maleriya, ƙwayar cuta a jini da sauran magungunan da take sha, amma kada a jira sakamako kafin a ɗauki mataki. Garkuwar jiki ce ke kai hari kan hefarin da ya manne da wani furotin na filatilet, sai ta zaburar da su su yi ta curewa. Lambar tana faɗuwa, ba ta cika sauka ƙasa da 20 ba, amma haɗarin daskarewa ne, ba zubar jini ba. Wanda aka ba hefarin cikin wata guda da ya wuce kuwa, idan aka sake ba shi nasa na iya faɗuwa cikin awoyi.

Shawarwarin biyu duk za su ƙara rura wutar. A tsayar da hefarin kowane iri, har da ɗan wanda ake wanke kanula da shi. Clexane ba mafita ba ce, danginsa ce. Ba a ƙarin filatilet sai in jini na zuba. Tsayarwa kaɗai kuma ba ta isa ba, domin kashi 30 zuwa 50 na waɗanda aka bari haka suna samun gudan jini. A maye gurbin hefarin da fondafarinus, miligiram 7.5 a yini ga mai kilo 50 zuwa 100 idan ƙodarta lafiya, ko Xarelto miligiram 15 sau 2 a yini tare da abinci na mako 3, sannan 20 sau ɗaya, bayan likitan fiɗa ya yarda raunin zai jure. Wafarin a wannan gaɓa yana iya ruɓar da ƙafa. Idan an riga an fara shi a warware da bitamin K, kada a dawo da shi sai filatilet sun kai 150. Tunda akwai gudan jini, maganin zai yi aƙalla wata 3.

Ga sauran majinyatanki, duk wanda aka yi wa fiɗa yake kan hefarin a ƙirga masa filatilet ranar farko, sannan duk kwana 2 zuwa 3 daga rana ta 4 zuwa ta 14, a kuma duba wurin allura ko fatar ta yi ja ko baƙi. Ita wannan a rubuta da jan biro a bangon fayil ɗinta cewa ba a ba ta hefarin ko Clexane, a ba ta kati ta tafi da shi gida, a cike takardar rahoton illar magani ta NAFDAC ko a aika ta manhajar Med Safety.